Filikus na Tibiyuka: Bishop da Ya Ƙi Miƙa Littattafansa, da Yadda Aka Sauya Labarinsa

Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa zama da dattawan ƙasar Yawuri, ko na Busa da Illo, yana tambayarsu asalin mutanen bakin Kwara, da wuya ya tashi bai ji sunan Kisra ba. Busawa da Kyangawa da Shangawa, waɗanda harsunansu 'yan gida ɗaya ne, suna cikin masu danganta kakanninsu da wannan sarki da aka ce ya baro gabas domin ya ƙi karɓar Musulunci. Tun lokacin da Bajamushen nan Leo Frobenius ya ratsa Nijeriya tsakanin 1910 da 1912, sa'an nan H. R. Palmer ya biyo baya da nasa rubuce-rubucen, aka sami Turawa masu ganin cewa a cikin labarin Kisra akwai ɓurɓushin wani tsohon Kiristanci da ya gangaro daga Nubiya ko daga Rumawan gabas tun ƙarni na bakwai. Magana ce mai daɗin ji, to amma hujjarta ba ta wuce kamannin suna da siffar waɗansu kayan gado ba.

Maƙasudin wannan maƙala shi ne a ɗauki mai karatu zuwa inda tsohon Kiristancin Afirka ya bar takardun da za a iya dubawa, watau arewacin Sahara, a bi tarihin mutum guda wanda ba a cika jin sunansa ba. Shi ne Filikus, wanda Rumawa ke rubuta sunansa Felix, bishop ɗin wani ƙaramin gari mai suna Tibiyuka, wanda aka fille wa kai a birnin Kartaj a shekara ta 303 Miladiyya saboda ya ƙi miƙa wa hukuma littattafan addininsa. Za a duba zamaninsa, da shari'ar da aka yi masa, da rikicin da batun littattafan ya haifar. Daga nan za a nuna yadda masu kwafar labarinsa suka ɗauke shi daga Afirka suka kai Italiya, da yadda manazarta suka gano haka, domin a nan ne darasin da ya shafi masu tattara tarihin ƙasarmu yake.

Ƙasar Ifriƙiyya da Kiristocinta na Farko

Ƙasar da Larabawa suka kira Ifriƙiyya, wadda ta haɗa Tunisiya ta yau da gabashin Aljeriya, ba baƙuwa ba ce ga almajirin ilimi a ƙasar Hausa, domin can ne Ƙairawan take, garin Ibn Abi Zaid mai littafin Risala. Kafin zuwan Musulunci ƙasar tana ƙarƙashin Daular Rum. Rumawa sun rushe Kartaj a shekara ta 146 kafin Miladiyya, daga baya suka sake gina ta, ta zama mazaunin gwamna da tashar da ake lodin alkama da man zaitun zuwa birnin Rum. Mutanen karkara galibi Barbar ne, dangin Buzaye, amma harshen mulki da shari'a da rubutu shi ne Latin.

Takarda mafi tsufa da ke ba da labarin Kiristocin wannan ƙasa rahoton shari'a ce. A ranar 17 ga Yuli, 180, aka gurfanar da mutum goma sha biyu daga garin Silli gaban gwamna a Kartaj, aka yanke musu hukuncin kisa. Abin lura shi ne, a tsakiyar shari'ar gwamna ya tambayi shugabansu abin da ke cikin akwatin da yake riƙe da shi, ya amsa masa cewa littattafai ne da wasiƙun Bulus. Ke nan tun ranar farko da aka ji ɗuriyarsu a rubuce, da littafi a hannu aka gan su. A shekara ta 250 sarki Desiyus, wanda malaman tafsiri ke kira Daƙyanus a ƙissar Ashabul Kahfi, ya tilasta wa kowa yin yanka ga allolin Rum. A 256 bishop-bishop 87 suka hallara taro a Kartaj, a 258 kuwa aka kashe shugabansu Sifiriyan.

Yawan nan na bishop-bishop yana bukatar bayani. A Afirka ta Arewa kusan kowane gari, kome ƙanƙantarsa, yana da nasa bishop. Matsayinsa ya fi kama da na limamin gari: shi ke jan ibada, shi ke sasanta husuma, shi ke raba sadaka ga gwauraye da marayu, kuma a hannunsa dukiyar jama'a da littattafanta suke. Irin wannan ne Filikus. Garinsa Tibiyuka yana cikin kwarin kogin Majarda, yamma da Kartaj, kusa da Taburba ta yau. Tun da labarin shahadarsa ya ce shekarunsa 56 lokacin da aka kashe shi, an haife shi ke nan wajen 247. Yana ɗan yaye aka yi fitinar Desiyus, yana ɗan shekara goma sha ɗaya aka kashe Sifiriyan. Daga shekara ta 260 hukuma ta sakar wa Kiristoci mara har kimanin shekara arba'in, suka gina majami'u a fili. Saboda haka duk girmansa a zaman lafiya ya yi shi, sai da furfura ta kama shi jarrabawar ta iso.

Dokar Shekara ta 303

Diyokletiyan ya hau gadon sarautar Rum a 284, ya tarar da daula ta jigata da yaƙin basasa da tsadar rayuwa. Ya raba mulki tsakanin sarakuna huɗu, Afirka da Italiya suka faɗa hannun abokinsa Maksimiyan. A ganinsa zaman lafiyar daula ya rataya ne ga yardar allolin kakanni, kuma jama'ar da ta ƙi yi musu yanka tana jawo wa kowa fushinsu. A ranar 23 ga Fabrairu, 303, aka rushe majami'ar Nikomidiya, garin da a yau ake kira Izmit a ƙasar Turkiyya, inda fadarsa take. Kashegari aka kafa doka: a rushe majami'u, a hana taron ibada, a tuɓe Kiristoci masu muƙami, a tattara littattafansu a ƙone. Dokar farko ba ta ce a kashe kowa saboda imaninsa ba. Wanda ya ƙi bin ta, shi ake hukuntawa da laifin saɓa wa sarki. Tsananin abin da ya biyo baya ya sa har yau Kibɗawan Masar suke fara ƙidayar shekarunsu daga 284, suna kiranta zamanin shahidai.

Don me aka nufi littattafai? Wanda ya san wahalar da alaramma ke sha kafin ya rubuta Alƙur'ani guda da hannu, da yadda ake adana shi cikin gafaka, ba zai yi mamaki ba. Kowane littafi a lokacin da hannu ake kwafarsa a kan fata. Dokar farashi da Diyokletiyan ya kafa a 301 ta yanka wa marubuci mai kyakkyawan hannu dinari 25 a kan layi ɗari, daidai da ladan yinin ɗan ƙodago a gona. Wani tsohon jerin littattafai da aka tsara a Afirka ta Arewa a ƙarni na huɗu ya ƙiyasta Linjila huɗu a kan layi dubu goma. In an lissafa, ladan rubutu kaɗai ya kai dinari 2,500, watau aikin ɗan ƙodago na kwana ɗari, ban da kuɗin fata da ɗinki. Bugu da ƙari, yawancin jama'a ba su iya karatu ba, a majami'a ake karanta musu. Garin da aka ƙone masa littafi an rufe masa baki da kunne ke nan.

Akwai rahoton da ya nuna yadda aka zartar da dokar. A ranar 19 ga Mayu, 303, jami'in garin Sirta, wato Kustantina ta Aljeriya a yau, ya shiga gidan taron Kiristoci da magatakardansa. Bishop Bulus yana zaune aka fito da kaya ana rubutawa: kofunan zinariya biyu, na azurfa shida, rigunan mata 82, na maza 16, takalman mata ƙafa 47, da sauran tarkacen da aka tara domin matalauta. Littafi ɗaya kawai aka samu a wurin, sai aka bi gida-gida wajen masu karanta wa jama'a nassi, aka karɓo fiye da talatin. A gida ɗaya ma mai gidan ba ya nan, matarsa ce ta fito da guda shida. Ba a zub da jinin kowa ba a ranar, domin ba wanda ya ƙi miƙa littafi.

Shari'ar Filikus

An kafa dokar a Tibiyuka ranar 5 ga Yuni, 303, fiye da wata uku bayan fitowarta, gwargwadon tafiyar saƙo a zamanin. Jami'in da ke kula da garin da baitulmalinsa, mai suna Magniliyanus, ya sa a kawo masa shugabannin Kiristoci. A ranar Filikus ya tafi Kartaj, sai aka zo da wani dattijon ikilisiya mai suna Afer da masu karatu biyu. Da aka tambaye su littattafai, suka ce akwai, amma suna wurin bishop. Aka tsare su.

Kashegari Filikus ya komo, aka kai shi gaban jami'in. Ya umurce shi ya kawo duk wani littafi ko fata mai rubutu da yake da ita. Filikus ya ce lalle yana da su, amma ba zai bayar ba, ya kuma ƙara da cewa gara a ƙone shi da a ƙone nassin Allah, domin biyayya ga Allah tana gaba da biyayya ga mutane. Jami'in ya tuna masa cewa umurnin sarakuna ne, ya ba shi kwana uku ya yi shawara. Da kwanakin suka cika aka sake tambayarsa, ya maimaita abin da ya faɗa. Jami'in gari ba shi da ikon yanke hukuncin kisa, saboda haka ya haɗa shi da wani ɗan majalisar garin ya raka shi Kartaj.

A Kartaj mataimakin gwamna ya fara sauraronsa, ya kira littattafan abin banza, ya nemi a miƙa su. Filikus ya ƙi, aka jefa shi can ƙuryar kurkuku cikin mari. Bayan kwana goma sha shida aka fito da shi da dare gaban gwamna Anulinus. Tambayar ba ta sake ba, amsar ma haka. Gwamna ya yanke a kashe shi da takobi, aka zartar ranar 15 ga Yuli. Labarin ya ce kafin a sare shi ya ɗaga ido sama ya yi godiya ga Allah, ya ambaci shekarunsa 56, ya ce ya tsare kansa daga mata, ya tsare Linjila, ya yi wa'azin gaskiya. An binne shi a bakin hanyar da ake kira ta mutanen Silli, a wurin da aka sani da majami'ar Faustus.

Iyakar labarin ke nan, bai fi shafi biyu ba. Babu mu'ujiza a cikinsa, babu doguwar huɗuba, babu bayanin azaba mai sa tsigar jiki ta tashi. Jami'an ma ba a nuna su a matsayin dodanni ba. Ma'aikata ne masu son a ba su abin da doka ta ce su rufe fayil. Tambaya da amsa ne kawai, kamar yadda magatakardan kotu ke rubutawa, kuma wannan sauƙin yana cikin dalilan da suka sa masana suka amince da gindin labarin. Wani abin lura kuma shi ne hanyar da Filikus ya zaɓa. Yana iya cewa littattafan sun ɓace, ko ya tsaya a Kartaj bai komo ba. Ya komo da ƙafarsa alhali mutanensa uku suna tsare a madadinsa, ya amsa cewa littattafan suna hannunsa, ya ɗauki nauyin ƙin a kansa shi kaɗai. Labarin bai faɗi makomar littattafan ba.

Masu Miƙawa da Rabuwar Ikilisiya

Ba kowane bishop ne ya bi hanyar Filikus ba. An riga an ga Bulus na Sirta. Fundanus na garin Abitina ya miƙa nasa, jama'arsa suka ci gaba da taro ba tare da shi ba, har aka kama mutum 49 daga cikinsu aka gurfanar gaban Anulinus a watan Fabrairu na 304. Wani bishop mai suna Donatus na Kalama ya ce shi littattafan likitanci ya ba jami'ai. Mensuriyus, bishop ɗin Kartaj kansa, ya ce ya ɓoye nassi ya bar wa masu bincike rubuce-rubucen 'yan bidi'a suka kwashe, ya kuma hana a girmama waɗanda suka kai kansu ga hukuma ba a neme su ba. A ganinsa dabara ta tsirar da littafi da rai gaba ɗaya. A ganin waɗansu kuwa, musamman bishop-bishop na Numidiya, wanda ya miƙa ko da takardar banza ce ya nuna wa duniya cewa ya bi umurnin, kuma wannan nunin shi ne laifin.

Da fitinar ta lafa a yammacin daula bayan Diyokletiyan ya sauka a 305, sai tambaya ta taso: hannun da ya miƙa littafi ga wuta, ya halatta ya yi wa wani baftisma ko ya naɗa bishop? Aka laƙaba wa irin waɗannan mutane suna traditores, watau masu miƙawa. Da Mensuriyus ya rasu aka naɗa Sisiliyan a gurbinsa, sai 'yan hamayya suka ce naɗin bai inganta ba, domin ɗaya daga cikin masu naɗin, wani Filikus dabam na garin Abtugni, mai miƙawa ne. Suka naɗa nasu bishop, wanda Donatus ya gada a 313, daga sunansa aka sami Donatawa. Sarki Kustantin ya sa aka yi zama a Rum a 313 da Arles a 314, duka suka ba Sisiliyan gaskiya, binciken hukuma kuma ya wanke Filikus na Abtugni bayan an gano cewa an yi ƙari a wasiƙar da aka kafa hujja da ita. A 320 aka tono rahoton Sirta da aka ambata a baya, sai ga sunan Silbanus, ɗaya daga cikin masu tsananta wa Sisiliyan, cikin waɗanda suka fito da kayan azurfa suka ba jami'i. Laifi tudu ne, in ji Hausawa.

Duk da haka ɓarakar ba ta ɗinku ba. Fiye da shekara ɗari garuruwa da yawa suna da bishop biyu da majami'a biyu. A babban taron Kartaj na 411, inda Agustin na Hippo ya yi fice, an ƙidaya bishop 286 a ɓangaren Katolika, 279 a ɓangaren Donatawa. Filikus na Tibiyuka ya rasu kafin rabuwar, amma kowane ɓangare ya riƙe shi: Donatawa suna ganin matsayinsa shi ne nasu, Katolika kuma suka sa sunansa a jerin shahidansu.

Kada mai karatu ya zaci cewa tambayar ta mutu da zamanin Rumawa. A 2012 da farkon 2013, lokacin da masu ɗauke da makamai suka mamaye Tumbutu, iyalai masu ɗakunan karatu sun sulale da dubban rubuce-rubucen hannu cikin akwatuna zuwa Bamako, waɗansu ta mota waɗansu ta kwalekwale a kan Kwaran nan da ta biyo ta Yawuri, yayin da aka ƙone ko aka salwantar da kimanin dubu huɗu a Cibiyar Ahmad Baba. Hanyar ɓoyewa ta tsirar da takardu, hanyar Filikus kuwa ta bar wa jama'arsa abin koyi. Ikilisiyar Afirka ta kasa yarda cewa duka biyun suna da wuri, ta biya wannan da rabuwar kai.

Yadda Labarin Ya Ƙetare Teku

Wanda ya buɗe littattafan tarihin waliyyai da aka buga a Turai kafin ƙarni na ashirin zai tarar da wani labari dabam. A can Anulinus bai kashe Filikus ba, ya tura shi ga wani babban hakimi, aka sa shi a jirgin ruwa zuwa Italiya. Ya kwana huɗu a cikin jirgin ƙarƙashin ƙafafun dawaki, ba ci ba sha. Jirgin ya tsaya a Agrijento da waɗansu garuruwan tsibirin Sisiliya, Kiristoci suna tarbarsa da girmamawa, har aka kai shi Benosa a kudancin Italiya, aka kashe shi ranar 30 ga Agusta. Wata ruwayar kuma ta ce a garin Nola aka kashe shi. An kuma ba shi abokan shahada huɗu. Jerin shahidai na cocin Rum da aka buga a 1584 ya bi ruwayar Benosa, ya sa ranar tunawa da shi 24 ga Oktoba.

Yaya aka yi haka? A 429 ƙabilar Bandal ta ƙetaro daga Sifen, ta ci Kartaj a 439, ta kori bishop ɗin birnin da malamansa a jirage zuwa Nafoli. Daga nan Kiristocin Afirka suka yi ta ƙaura zuwa Italiya da tsibiranta, ɗauke da littattafansu da sunayen waliyyansu. Garin da ya daɗe yana bikin wani waliyyi yakan so a ce a ƙasarsa jininsa ya zuba, sai mai kwafa ya ƙaro tafiyar da za ta kawo shi ƙofar gida. Sunan ma ya taimaka, domin Filikus suna ne gama-gari a wurin Rumawa, ma'anarsa mai sa'a. Nola tana da nata shahararren Filikus tun da can. Ranar 30 ga Agusta kuwa ita ce ranar waɗansu shahidai biyu na birnin Rum, Filikus da Adauktus, ga kuma sunan Audaktus ya ɓullo cikin abokan da aka ba mutumin Tibiyuka.

Wanda ya warware wannan ƙulli shi ne Hippolyte Delehaye, ɗan ƙasar Beljiyam, na ƙungiyar malaman nan da ake kira Bolandawa, waɗanda suka fara buga tarihin waliyyai tare da tacewa tun 1643. A wata maƙala da ya buga a 1921 ya jera kwafe-kwafen labarin gefe da gefe. Ya ga duka sun dace a kan abin da ya faru a Tibiyuka da Kartaj, ba su rabu ba sai daga inda gwamna ya kamata ya yanke hukunci, daga nan kowace ruwaya ta ja shahidin zuwa garin masu ita. Gwamnan Afirka kuwa yana da cikakken ikon kisa, ya kuma yi amfani da shi a kan waɗansu, babu dalilin aika bishop ɗin ƙaramin gari ƙetaren teku. Da aka cire ƙarin sai gajeren labarin da aka kawo a sama ya fito. Delehaye ya koyar da cewa abu biyu ne suka fi wuyar jirkita a tarihin waliyyi, watau ranar da ake tunawa da shi da wurin kabarinsa, domin jama'a ce ke riƙe da su shekara da shekaru, alhali ƙissa tana hannun mai alƙalami. Sabon jerin shahidai na cocin Rum da ya fito a 2001 ya mai da Filikus Kartaj, ranar 15 ga Yuli. Malamin da ya karanci ilimin hadisi zai ga cewa hanyar ba baƙuwa ba ce: a tara ruwayoyi, a duba inda suka haɗu da inda suka saɓa, a tambayi wanda ƙarin ya amfana.

Kammalawa

Musulmi sun ci Kartaj a 698. Kiristanci bai ɓace nan take ba, ya yi ta raguwa ne a hankali. A 1053 Fafaroma Liyo na Tara ya koka cewa bishop biyar kaɗai suka rage a ƙasar da ta taɓa tara ɗaruruwa, an kuma tono duwatsun kabari masu rubutun Latin na ƙarni na goma sha ɗaya a Ƙairawan kanta. Abin da ya ƙetaro Sahara zuwa wajenmu daga wannan duniya, wanda za a iya nunawa da yatsa, kalmomi ne. A harshen Buzaye ana kiran mala'ika anjalos, zunubi abakkad, Babbar Salla kuma tafaske, kuma masana harshe suna mai da su ga kalmomin Latin angelus da peccatum da pascha. Kalmarmu ta takarda ma ta hannun Buzaye muka same ta, asalinta charta. Sai dai kalma tana tafiya da ayari ta bar mai ita a gida. Samun ta a wuri bai nuna an taɓa gina majami'a a wurin ba. Cikin tsofaffin labaran zuwan malaman Kirista ƙasar Hausa da takarda ta tabbatar akwai na waɗansu fada biyu 'yan ɗariƙar Faransis da suka taso daga Tarabulus a 1710, suka bi ta Agadas suna neman Kiristocin da aka ce akwai a Kwararrafa, cuta ta kashe su a Katsina a 1711. Tsakaninsu da Filikus shekara dubu ɗaya da ɗari huɗu ne.

In labarin da aka rubuta kusa da faruwarsa, mai ɗauke da sunan gwamna da kwanan wata, ya iya tashi daga Kartaj ya sauka Benosa, to ina ga labarin da ya shekara ɗaruruwa a bakin mutane? Kisra shi ne sunan da Larabawa ke kiran sarakunan Farisa da shi, kuma kowane malami ya san ƙissar wanda ya yaga wasiƙar Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Kamar sunan Filikus, suna ne da ke iya jawo labarai dabam-dabam su manne a jikinsa. Tun 1975 Phillips Stevens ya ja hankalin manazarta ga yadda aka jirkita wannan riwaya. Wannan bai rage mata daraja ba, domin tana faɗa mana yadda mutanen bakin Kwara suke kallon kansu da maƙwabtansu. Tambayar da ta dace da ita ke nan.

Aikin kuwa ba ya jira. Da tafkin Kainji ya cika a 1968, tsohuwar Busa da tsibiran Gungawa masu yawa sun nutse, an tashi mutane fiye da dubu arba'in, kaburbura da wuraren tsafi da ya kamata a gwada ruwaya da su suna ƙarƙashin ruwa. Harshen Shanga kuma yana ja da baya a gaban Hausa. Marigayi Mahdi Adamu Ngaski ya share fage da bincikensa kan Yawuri ta ƙarni na goma sha tara, wanda ya kammala a Jami'ar Ahmadu Bello a 1968. Abin da ya rage ga ɗaliban da za su bi sawunsa shi ne su ɗauki kowace ruwaya ita kaɗai, da garin mai ba da ita, da wanda ya ji daga gare shi, da harshen da ya yi magana da shi, su kuma tambaya ko ya taɓa jin abin da littafin makaranta ya ce. Kada su narkar da ruwayar Shanga da ta Ngaski da ta Busa su zama labari ɗaya mai santsi. Da masu kwafar Italiya sun haɗe ruwayoyinsu sun zubar da tsofaffin kwafe, da Delehaye bai sami abin da zai jera ba, da kuma har yau ana neman kabarin Filikus a ƙasar da bai taɓa takawa ba.